Allurar Ma'u da I'itikafin Ɗan'auta

Ma'u ba ta iya zama ba. Tun tana amarya a gidanmu na Sharaɗa, lallen hannunta bai ko dushe ba, na tarar da ita tsugune tana kankare mana gindin tukunya da toka. Na ce ke, amarya ai zama take yi a ɗaki a zo a gan ta. Ta ce in ta zauna ƙafarta ƙaiƙayi take yi. Sunana Zaituna, ni ce yayar mijinta, ni ce kuma mai shinkafa da wake da ke ƙarƙashin darbejiya a bakin layin kamfanoni, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin kowa na ji shi ba.

'Yar asalin Sharaɗa ce, tun wurin yana ƙauye. Gonar babanta tana daidai inda aka gina wani dogon sito, kuma ikon Allah, a cikin siton nan ta samu aiki. Mata ne ake zubewa a ƙasa layi-layi suna gyaran zoɓo da riɗi da citta, a tsince tsakuwa da kara, a ɗura a buhu a fita da shi ƙasar waje. Ma'u takan nuna wani lungu kusa da sikeli ta ce nan ɗorawarsu take a da. Hannunta kullum ja wur da zoɓo. Kafin ta kusa da ita ta gama tari ɗaya, ita ta yi nisa a na biyu. Tana aiki tana magana, tana magana tana leƙen ƙofa, kamar wadda ta bar abu a kan wuta.

Mijin nata kuwa, ƙanena Shu'aibu, shi ne autanmu, kuma har furfura ta fito masa a gemu Ɗan'auta muke ce masa. A wani kamfanin fata yake aiki a Challawa, ɓangaren da ake jiƙa fatu a manyan ramukan siminti. Mutum ne mai sanyi, irin sanyin da ke ba ni haushi. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya gyara zaman hularsa kafin ya duba agogo. Amma yana son matarsa, wannan ko maƙiyinsa ya sani. In ya taso daga aiki sai ya tsaya a famfon unguwa ya dirje hannu da ƙafa da sabulun salo, don kada ya shigar mata da warin jima ɗaki.

Shekara goma sha wani abu suna tare, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Sun sha rubutu, sun sha saiwa, an yi musu sauka. Dangi suka fara 'yan maganganu, na tare biyu daga cikinsu a gidan suna na wanke su tas, daga nan aka koma yi a bayan idona. Ma'u ba ta kuka a gaban mutane. Sai dai in an haihu a unguwa ita ce dafa ruwan wanka, ita ce daka, ita ce wanki, ba ta yarda ta zauna a inda za a miƙo mata jariri.

Maƙwabciyarsu ce ta ja su zuwa asibiti. Sista Kyauta, 'yar Kudancin Kaduna, nas ce a wani asibitin kuɗi a Nassarawa, mijinta kuma yana kan inji a wani kamfanin roba a Bompai. Aka gwada Ɗan'auta, ya yi kwanaki ba ya iya haɗa ido da kowa don kunya, aka ce lafiyarsa lau. Aka gwada Ma'u, likita ya ce ƙwanta yana fara girma amma ba ya fitowa. Za a ba ta ƙwayoyi ta sha su nunar da shi, a riƙa ɗaukar hoton cikinta ana dubawa, in ya nuna a yi mata wata allura da za ta sa ya fito.

Wata rana da yamma a tsakar gidana, Ma'u na zaune, na matsa wa Kyauta sai ta gaya mini abin da ake ɗirka wa matar ƙanena. Ta ce ƙwan mace yana zaune ne a cikin wata 'yar jaka, kewaye da wasu mitsi-mitsin ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, aikinsu renonsa da ciyar da shi. Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin da aka gada daga iyaye, wani umarnin yana aiki, wani yana kwance yana jiran ranarsa. Allurar ba ƙwai take yi ba, ba kuma ciki take sawa ba, kira take yi. Da ta shiga jini sai umarnin reno ya yi shiru, na kwance ya farka. Ƙwayoyin su daina ƙaruwa, su sassauta bangon jakar, su saki ƙwan, sannan su koma yin wani sinadari da zai gyara mahaifa ta karɓi baƙo. Ma'u ta ce ashe jiniyar canjin aiki ce, 'yan safe su fita 'yan yamma su shiga. Kyauta ta yi dariya ta ce haka ne, amma wannan in ta busa ba a mayar da ita, babu wata allurar da ke ce wa ƙwai ya dakata. Daga yin allura zuwa fitowarsa kamar kwana ɗaya da yini ne, in ya fito kuma bai fi yini yake yi da rai ba. Dole maigida ya kasance tare da ita a wannan tsakanin. Ta faɗi haka tana kallon ƙasa, Ma'u tana kallon bango, ni kaɗai ce na ce to ai mun gane.

Aka yi wata aka yi watanni, shiru. A wani watan ma jikin ya amsa allurar fiye da kima, mararta ta kumbura, ta kwanta a asibiti tana numfashi da ƙyar. Ɗan'auta ya tsaya a bakin gadon kamar an dasa shi. A ranar ne ya yi bakance, ya ce in Allah ya tashi kafaɗarta zai shiga i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, ya tare a masallaci ba fita, ya roƙa musu haihuwa. Ya ce ita tana shan allura, shi ma bari ya yi nasa. Duk muka ce madalla. Likita kuma ya ce sau ɗaya ya rage da zai yarda a sake gwadawa, daga nan sai a bar jikin ya yi dogon hutu, kuma bai ɓoye mata ba cewa shekarunta ba za su jira hutun ba.

Wannan gwajin na ƙarshe shi ne ya faɗo a azumin shekarar dubu biyu da shida. A lissafin likita tsakiyar wata za a gama komai, tun kafin goman ƙarshe. To sai ƙwan nan ya ɗauko halin Ɗan'auta. Kullum ta je hoto a ce da saura, ta dawo jibi. Ma'u ta rame, ba ta barci, ba ta cin abin kirki in an sha ruwa. Takan zo wurina da rana ta ɗauki tsintsiya ta share inda na riga na share.

Ranar da za a shiga i'itikafi da magariba, da safenta ta koma hoto. Likita ya duba ya ce ya nuna, guda ɗaya ne tak, a hagu, amma mai kyau. Kyauta ta zuƙo allurar, sai ta tsaya ta tambaye ta ko maigida yana gida. Ma'u ta ce yana gida. Ba ƙarya ta yi ba, ta baro shi yana wanke 'yan kayansa, kuma ba a yin niyyar i'itikafi sai rana ta kusa faɗuwa. A ranta tana ganin kafin azahar ta isa ta tare shi, ya ɗaga shigarsa. Ta miƙa jiki aka yi mata.

Abin da ba ta saka a lissafi ba shi ne hanya. A shekarar an hana matan gari hawa acaɓa, 'yan Adaidaita Sahun kuma ba su wadata ba, sai ka ga mata sun yi cirko-cirko a titi da bakin azumi. Ta jira, ta gaji, ta kama tafiya da ƙafa, ta samu bas, bas ta mutu a hanya. Ko da ta iso Sharaɗa la'asar ta kawo jiki. Ɗaki a rufe, makulli a inda suke ajiyewa. Ta ruga wurin mai wayar kuɗi ta buga lambarsa, ta dawo ta tarar da wayar a kan gado, ya bar mata ita don kada duniya ta bi shi masallaci. Abokin aikinsa Uba ne ya zo da babur ya ɗauke shi tun da hantsi, wai in ba a je da wuri ba ba a samun wurin shimfiɗa.

Ta faɗo gidana mayafi a hannu. Da ta gaya mini, wallahi ludayin da ke hannuna faɗuwa ya yi. Na ce wane masallaci? Ta ce ita dai ta ji yana cewa inda Uba yake zuwa, kamar wajen Na'ibawa. Na bar ƙullun ƙosai a buɗe muka fita. Muka zaga masallatan Juma'a na Na'ibawa, muna tsayawa daga nesa muna roƙon masu shiga su kira mana Shu'aibu na kamfanin fata. An fito mana da Shu'aibu har biyu, babu namu. Muna tsaye a bakin titin Zariya aka kira magariba. Ma'u ta ɗaga kai ta saurari kiran, ta ce yanzu ya yi niyya ke nan. Da fiya wata muka buɗe baki.

Washegari da sassafe muka nufi Challawa gidan Uba. Matarsa ta ce ai bana ba Na'ibawa suka je ba, Ɗorayi suka tafi, can wani alhaji yake ciyar da masu i'itikafi. Ta kwatanta mana. A hanya Ma'u sai dafe gefen mararta take yi, wai tana jin wurin ya yi nauyi. Duk da haka sai da ta tsaya ta sayi dabino da lemo ta ƙulle masa a leda.

Bayan azahar muka same shi. Aka kirawo shi, ya fito zuwa bakin ƙofa ya tsaya daga ciki, carbi a hannu, ƙafarsa ba ta tsallake dokin ƙofa ba. Mu kuma muna waje a cikin takalman mutane. Tsofaffi suna kishingiɗe a inuwar baranda, kunnuwansu duk a wurinmu. Ni da ake cewa bakina ba ya da linzami, ranar sai ga ni ina kame-kame. Yaya mace za ta dubi ƙanenta a ƙofar masallaci, da azumi, ta ce masa ya fito ya je wurin iyalinsa? Na ce Ɗan'auta, likita ya ce lokaci ya yi. Sai ya washe baki ya ce alhamdu lillahi, ashe addu'a ta fara karɓuwa tun daren farko, mu koma gida shi zai ƙara ƙaimi.

Na buɗe baki zan sake, Ma'u ta riga ni. Matar da ko sunansa ban taɓa jin ta kama ba, ta matso har bakin ƙofa.

“Malam, an yi mini allurar tun jiya da safe. Yau da dare ƙwan zai fito. In ba ka kwana a ɗakina yau ba, shi ke nan, babu wani watan.”

Tsohon da ke kusa da mu ya juya fuska ya kama tari. Ɗan'auta ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce:

“Asma'u, na riga na yi niyya. Alkawari na ɗaukar wa Allah a kanki. In na fita da ƙafata na je na ɓata shi, da wane ido zan sake roƙonsa?”

Ya ƙara da cewa a ɗan jira mana, ko fata in ta jiƙu a rami tana jiran mutum kwana da kwanaki ba ta lalace ba, balle abin da ke hannun Allah. Nan fa raina ya ɓaci. Na ce fata ce matar taka? Na ce wannan ba rami ba ne, an riga an kunna abu a jikinta, ba ya tsayawa. Na ce ya shiga ya tambayi liman in akwai mafita. Ya ce haba Yaya, da wane baki zai kai wa liman irin wannan magana. Na ce da bakin da matarka ta faɗe ta a gaban tsofaffi. Wani dattijo ya taso ya ce mu yi haƙuri mu rage murya, ana karatu a ciki. Ma'u ta miƙa wa mijinta ledar dabino, ta ce Allah ya karɓi ibada, ta juya. Na bi ta ina huci. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, don na ga idonsa, tsoron Allah ne ya riƙe shi ba taurin kai ba.

Da yamma Ma'u ta share ɗaki, ta canja zanen gado, ta sa turaren wuta. Wai ko zai sake shawara. Na zauna da ita muka sha ruwa tare. Duk babur ɗin da ya shigo layi sai ta miƙe ta leƙa zaure. Aka yi isha'i, aka idar da asham, masu dawowa daga masallaci suka gama wucewa. Ta ce in tafi gida yara suna jirana.

Da safe na kasa haƙuri na bi ta sito. Tana wurinta a layi, tarin zoɓo a gabanta. Na tsuguna kusa da ita. Ba ta ɗago ba ta ce, “Yaya, ya fita. Bayan kin tafi na ji shi, a nan hagu, kamar an tsikare ni da tsinke.” Ta ci gaba da tsinta. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba, ta kusa da ita ta gama tarinta ta ɗauko wani, Ma'u tana kan na farko.

Sai bayan kwana biyu ga Ɗan'auta, gab da la'asar, da 'yar jakarsa da tabarma a hammata. Ina gidan, na kawo mata kunu. Daga baya Uba ya ba ni labari, wai tun da muka tafi Ɗan'auta ya kasa karatu, ya buɗe Alƙur'ani ya zuba wa shafi ɗaya ido. Da ƙyar ya lallaɓa ya raɗa wa liman. Liman ya ce masa me ya zaunar da shi tun ranar, ya tashi ya tafi wurin iyalinsa, ya rama i'itikafin daga baya. Shi ne ya naɗe tabarma ya fito, mutane suna kallonsa, yana ta sunne kai kamar wanda aka kora.

Ya tsaya a tsakar gida yana zufa. Ya gaishe ni, sannan ya dubi matarsa ya ce a hankali, “Ban makara ba ko?”

Na cika bakina da magana, wallahi na cika shi. Na shirya in gaya masa ya yi biyu babu, ga i'itikafi ya tsinke, ga ƙwai ya daɗe da mutuwa. Sai na ji ƙafar Ma'u a kan tawa, ta danne ni da ƙarfi. Ta karɓi jakar daga hannunsa.

“Ba ka makara ba, Malam. A kan lokaci ka zo.”

Ya sauke wata ajiyar zuciya, ya zauna a kan turmi, ya yi ta hamdala hawaye na bin gemunsa. Ita kuma ta shiga hura wuta za ta ɗora masa ruwan wanka. Na ɗauki kwanona na fita, don in na tsaya zan yi ɓarna.

Bayan Salla ya rama i'itikafinsa, shi kaɗai a masallaci, yana azumi mutane suna ci. Da wata ya zagayo babu komai, shi ne ya riƙa ba ta haƙuri. Ya ce ta yi nata, ya yi nasa, Allah ne bai nufa ba. Tana jin sa tana gyaɗa kai. Kyauta ta san gaskiya, ni na sani, Ma'u ta sa muka yi mata alkawari. Da na tsare ta na ce don me za ta bar shi yana barci har da minshari ita tana juyi a kan gado, sai ta ce in ta gaya masa ƙwan ba zai dawo ba, sai dai masu juyin su zama biyu. Ba ta sake komawa asibiti ba. Ta koma sito, hannun nata ya dawo da saurinsa, ko ma ya fi da.

'Yan shekaru bayan nan ciwon ƙirji ya kwantar da Ɗan'auta, ciwon da bai tashi ba, shi ya sa ma yau nake iya ba da wannan labari. Wata rana da hantsi ina zaune a bakin gadonsa, Ma'u tana tsakar gida tana wanke masa kaya, muna jin ƙarar bokiti. Ya kamo hannuna. Ya ce Yaya, bai bar wa Asma'u ɗa ba, bai bar mata wani abin kirki ba, amma abu ɗaya yana sanyaya masa rai in ya tuna. Ranar da ta buƙace shi ya ajiye kunya ya fito daga masallaci, bai bari lokacin ya wuce ta ba. Ya zuba mini ido yana jiran in amsa.

Ƙarar bokitin ta tsaya a waje. Na gyara masa filo na ce, “Haka ne, Ɗan'auta. A kan lokaci ka zo.”

Sai na ji ta ci gaba da wankin.